Yadda ake yanke shawara idan magana ta ƙare a kanka

A daren 27 ga Janairun 1986 mutum sama da 30 suka haɗu ta wayar tarho daga wurare uku a Amurka: masana'antar kamfanin Morton Thiokol a jihar Yuta, cibiyar Marshall ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a Alabama, da filin harba kumbo na Kennedy a Fulorida. Abin da ya tara su shi ne ko a harba kumbon Challenger da safe, ko a dakata. Injiniyoyin Thiokol, waɗanda suka ƙera manyan rokoki biyun da ke cilla kumbon sama, suka ce a dakata. Sanyi ya yi yawa, kuma zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin yana sandarewa idan ya sha sanyi, har wuta ta samu kafar fita. Kafin tsakar dare manajojinsu sun juya maganar, an sa hannu a takarda. Washegari da ƙarfe 11:38 kumbon ya tashi, bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse a sararin sama. Mutum 7 suka rasu, cikinsu har da malamar makaranta, Christa McAuliffe, wadda ɗalibai ke kallo ta talabijin.

Babu jahili ko ɗaya a cikin mutanen da suka yi wancan zama, kuma babu wanda ya kwana da nufin kashe wani. Shi ya sa labarin yake tsaya mini a rai. Abin da ya same su yana iya samun shugaban makaranta, mai unguwa, uwar adashi, shugaban tasha, ko magidanci, wato duk wanda idan an gama ce-ce-ku-ce ake juyowa a ce masa, “To, ranka ya daɗe, me ka gani?” Ga yadda nake ganin ya kamata mai wannan nauyi ya bi.

Da farko, kama tambayar da hannunka, kada a juya maka ita

Ɗauki takarda ka rubuta abin da za ka yanke a layi ɗaya. In bai shiga layi ɗaya ba, to shawarwari biyu ne ko uku suka cakuɗe, sai ka raba su. Ka kuma tabbata cewa maganar taka ce. In ta fi ƙarfin kujerarka, aikinka shi ne ka kai ta gaba da cikakken bayani.

Daga nan sai ka dubi yadda aka ɗora tambayar, domin a nan ne mutanen Challenger suka fara kaucewa. Al'adar aikinsu ita ce mai cewa a tashi shi zai kawo hujjar cewa babu haɗari. A wannan daren sai abin ya kife. Aka wayi gari injiniyoyi ne ake nema su tabbatar da cewa robar za ta gaza. Su kuwa ba za su iya ba, tunda ba a taɓa harba kumbo a irin wannan sanyin ba. Abin da suke da shi kawai: mafi sanyin tashin da aka taɓa yi shi ne na Janairun 1985, lokacin da robar take kan digiri 12 a ma'aunin salshiyos, wato kamar sanyin asubar hunturu a Kano, kuma a wannan tashin an ga baƙin tabon hayaƙi ya ƙetare zoben farko daga cikin zobba biyun da ke toshe mahaɗar. Safiyar da ake magana a kai kuwa, a lokacin tashi sanyin yana kusa da digiri 2. Da suka kasa cewa “tabbas zai fashe”, sai aka ɗauki hakan a matsayin izinin tashi.

Kawo abin gida. Kana shugaban makaranta, bangon wani aji ya tsage, damina ta kankama. Magini ya duba ya ce hankalinsa bai kwanta ba. Idan ka ce masa, “Ka tabbata zai faɗi?” ba zai iya rantsewa ba, sai ka bar yara a ciki. Idan kuwa ka tambayi kanka, “Wace hujja gare ni cewa bangon nan zai kai kaka?” za ka ga ba ka da ita. Bango ɗaya ne, magini ɗaya, amma tambayar ce ta raba sakamakon. Ƙa'idar da za ka riƙe: duk inda rai, lafiya ko dukiyar amana ke ciki, mai cewa a ci gaba shi ke kawo hujja. Mai cewa a dakata ya isa ya nuna dalilin shakkarsa.

Na biyu, raba abin da ka sani da abin da ka ji da abin da kake so

Ja layi biyu a takardar, ta zama gida uku. Gidan farko na abin da ka gani da idonka ko aka auna a gabanka. Na biyu na abin da aka faɗa maka, kuma a gefen kowane labari ka sa sunan wanda ya kawo shi, da ko shi ganau ne ko jiyau. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a aikata, don kada a cuci wasu cikin rashin sani a koma ana nadama. A zamanin da saƙon murya ke zagaye gari ta WhatsApp kafin a idar da sallar la'asar, wannan gida na biyu ya fi kowanne saurin cika.

Gida na uku shi ne mai wuya, domin sai ka yi wa kanka gaskiya. Me ranka yake so amsar ta zama? An riga an ɗage tashin Challenger sau da yawa a cikin wannan makon, kowa ya gaji, kuma NASA ita ce babbar mai sayen rokokin Thiokol. Babu wanda ya furta hakan a matsayin hujja, amma yana zaune a ɗakin. Naka zai iya zama kuɗin da ka riga ka kashe, ko alkawarin da ka yi a bainar jama'a, ko surukinka da ke cikin maganar. Rubuta shi. Son zuciyar da aka rubuta a takarda ba ya iya shigowa da rigar hujja.

Na uku, tambayi abin da ba a kawo maka ba

Wannan matakin ne na fi so mutane su koya, domin ba ya zuwa wa kowa haka nan.

A zaman wancan daren hankali ya tattara a kan tashin da aka samu matsalar roba. Da injiniyoyi suka nuna na digiri 12, sai aka ce musu ai an ga irin wannan tabon a tashin Oktoban 1985, ranar da ake da ɗumi, digiri 24. Ga matsala a sanyi, ga matsala a ɗumi, ina ruwan sanyi a ciki? Maganar ta yi kama da hankali, kuma ta raunana injiniyoyin. Abin da ba a shimfiɗa a kan tebur ba shi ne tashin da aka yi lafiya lau. Kwamitin binciken haɗarin, wanda William Rogers ya jagoranta, ya jera dukan tashi 24 da aka yi kafin wannan. Sai ga shi a cikin 20 da aka yi a digiri 19 ko sama, 3 ne kawai robar ta nuna lahani. Guda 4 da aka yi a digiri 17 ko ƙasa kuwa, dukansu ta nuna. Bayanin yana cikin takardunsu tun kafin daren. Jera shi ne ba a yi ba.

Haka abin yake a harkokinmu. Wani zai zo wa ƙungiyarku ta manoma ya ce mutum uku sun ajiye masara zuwa bazara sun ci riba ninki, don haka a zuba kuɗin ƙungiya a ajiya. Kafin ka gyaɗa kai, ka ce: su nawa ne suka ajiye a wannan shekarar gaba ɗaya? Ina waɗanda ƙwari suka cinye musu? Ina waɗanda farashi ya karye a kansu? Waɗanda suka yi asara ba sa zuwa taro su ba da labari, sai ka aika a nemo su. Mai maganin gargajiya ma waɗanda suka warke yake lissafa maka. Duk lokacin da aka kawo maka misalai, ka saba da tambayar nan guda: “Sauran fa?”

Na huɗu, nemi shawara ta hanyar da gaskiya za ta iya isowa gare ka

Shawara ɗaukar ɗaki ce, kowa ya san haka. Amma tara mutane daban, jin su daban. Mu mutane ne masu kunya da kara. Yaro ba ya musa wa babba a gaban jama'a, ma'aikaci ba ya cewa maigidansa ya yi kuskure. Idan ka buɗe taro da cewa “ni dai ina ganin kaza, ko akwai mai magana?” ka riga ka rufe taron. Abin da zai biyo baya “haka ne, Alhaji” ne kawai.

Don haka ka ɓoye ra'ayinka sai ƙarshe. Fara da mafi ƙanƙanta a muƙami, ka hau sama. Wanda hannunsa ke cikin aikin, direba, magini, unguwarzoma, mai gadi, ka kira shi gefe shi kaɗai ka ce, “Don Allah gaya mini abin da kake tsoro.” In matan gida ne abin zai fi shafa, kada ka wadatu da abin da mazansu suka ce sun ce. Sannan ka kula da fuskarka da harshenka. Da injiniyoyin Thiokol suka ba da shawarar dakatawa, wani manajan NASA, Lawrence Mulloy, ya tambaye su cikin ɓacin rai ko so suke ya jira har watan Afrilu. Bayan wannan ne kamfanin ya nemi a ba shi minti biyar ya yi shawara a keɓe, minti biyar ɗin ya zama kusan rabin sa'a. A can ciki injiniyoyi biyu, Roger Boisjoly da Arnie Thompson, suka sake shimfiɗa hotuna da zane, ba wanda ya tanka musu. Babban manaja Jerald Mason ya juya ga Robert Lund, shugaban injiniyoyi, ya ce masa ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Manajoji huɗu suka yanke, injiniyoyi suna zaune suna kallo. Kalma ɗaya mai zafi daga bakin babba takan kashe maganar da ya fi kowa bukatar ji.

Dubi yadda Sayyidina Umar ya yi a Sarg, kan hanyarsa ta zuwa Sham, da aka tarye shi da labarin annoba. Ya kira Muhajirai na farko, suka rabu biyu. Ya sallame su ya kira Ansar, su ma suka rabu. Sai ya kira dattawan Ƙuraishawa, waɗannan bakinsu ya zo ɗaya cewa a koma. Rukuni-rukuni ya ji su, bai bar wani ya danne wani ba. Da ya sanar da komawa, Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ce masa a fili, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar bai hana shi magana ba. Ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah za a gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kawo misalin mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kiwata da ƙaddarar Allah ne. Bayan haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, da fita daga cikinsa. Ina kawo wannan ne musamman saboda masu rufe kowace muhawara da “tsautsayi ba ya wuce ranarsa”. Gaskiya ne, amma ba a ɗora maka sanin ranar ba. Zaɓen gefen kwarin aka ɗora maka.

Wani abu kuma: kada iya magana ta ruɗe ka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi cewa wani cikin masu jayayya zai iya fin ɗan'uwansa iya tsara hujja. Sau da yawa mai gaskiyar shi ne mai in'ina, wanda bai iya jera zance ba. Taimaka masa da tambayoyi har ka fahimci abin da yake nufi.

Na biyar, auna kuskuren da za a iya gyarawa da wanda ba a iyawa

Ba za ka taɓa samun cikakken sani ba, kuma jiran sa ma wata shawara ce mai nata farashin. Abin yi shi ne ka ɗauki kowane zaɓi ka ce: in na bi wannan kuma ya zamana na yi kuskure, me zai faru, wa zai ɗauki asarar, ana iya dawowa? Dakatar da Challenger kuskurensa bai wuce asarar kwana ɗaya ko biyu da kuɗi da surutun 'yan jarida ba. Harba shi kuskurensa rayuka 7 ne, kuma NASA ba ta sake harba irin wannan kumbon ba sai Satumban 1988. Mayar da yara ƙarƙashin bishiya na mako biyu abu ne da ake gyarawa. Sauke fasinja goma daga kwale-kwalen da ya cika, su jira sawu na gaba, ana gyarawa. Shawarar da ake iya warwarewa, yanke ta da wuri kada ka ɓata wa mutane lokaci. Wadda ba ta warwaruwa, kamar sayar da gonar gado, ko saki, ko korar mutum daga aiki, ba ta kwana.

A nan ne kuma za ka yi hattara da kalmar “an saba”. An sha ganin lahani a robar nan kafin 1986, kumbo kuma yana dawowa lafiya, har lahanin ya zama abin da ake tsammani. Boisjoly ya rubuta wa shugabanninsa takarda tun 31 ga Yulin 1985 yana gargaɗin cewa abin zai iya kai wa ga asarar rayuka. Masanin kimiyya Richard Feynman, wanda ke cikin kwamitin bincike, ya tarar manajoji na ƙiyasta haɗarin a kan ɗaya cikin 100,000, alhali wasu injiniyoyi na ganin ya kai ɗaya cikin 100. Shi ne ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara a gaban kyamarori, kowa ya ga ta ƙi komawa yadda take. Abin baƙin ciki, a ranar 1 ga Fabrairun 2003 kumbon Columbia ya tarwatse da wasu mutum 7, sanadin ɓallewar wani guntun soso daga jikin tankin mansa, wanda shi ma an saba ganin yana ɓallewa. Direban da ya yi sawu hamsin da sudaddiyar taya bai tabbatar da ingancin tayar ba. Sa'a ya yi sau hamsin.

Na shida, dubi halin da kake ciki

Hadisi ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, malamai kuma sun haɗa da duk abin da ke dagula tunani, irin su yunwa mai tsanani da gajiya da barci. In kana cikin ɗayansu, ce a dawo gobe. In kana da wata maslaha a cikin maganar, faɗe ta a gaban mutane, ko ka miƙa wa mataimakinka.

Na bakwai, yanke, ka faɗi dalili, ka sa sunanka

Bayan duk wannan dole ka yanke. Yi istihara, sannan ka tsaya a kan magana ɗaya. Shugaban da ke ta kafa kwamiti don gudun a ce shi ya yi, ya bar mutanensa a rana.

Faɗa wa waɗanda abin ya shafa abu huɗu: abin da ka yanke, dalilinka, abin da aka faɗa na saɓani, da abin da in ya bayyana za ka sauya. A ƙungiya ko ofis, sakatare ya rubuta, har da sunan wanda bai yarda ba in ya amince a sa. Kuma in akwai na sama da kai, ka kai masa saɓanin tare da shawarar. Kwamitin Rogers ya gano cewa manyan da suka ba da izinin ƙarshe na tashin Challenger ba su ma san injiniyoyin Thiokol sun ƙi ba. Maganar ta mutu a tsakiyar hanya, abin da ya isa sama “an amince” ne kawai. Allan McDonald, wakilin kamfanin a filin Kennedy, ya ƙi sa hannu, sai wani manaja a Yuta ya sa ya aiko. Idan na ƙasa da kai ya ƙi sa hannu a abin da ya fi ka sani, kada ka nemi wani hannun. Koma mataki na uku.

Kada kuma ka ce “an yanke” ko “jama'a sun ga”. Ce “na yanke”. In ya yi kyau, ka ambaci waɗanda suka ba ka shawara. In ya ɓaci, kai ne.

Na takwas, sa ranar waiwaye, kuma ka tsare wanda ya saɓa maka

Tun ranar da ka yanke, ka ajiye ranar da za a sake dubawa, da alamar da za a duba. Na bango, a shafa siminti siriri a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe, a leƙa bayan kowane ruwan sama. In simintin ya sake tsagewa, bangon yana motsi. Na masara, a buɗe buhu ɗaya duk wata, a tambayi farashi a Dawanau ko kasuwar da ta fi kusa. In alama ta nuna ka kauce, dawo. A wasiƙar da Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan shari'a ya ce masa hukuncin da ya yi jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya in ya sake nazari ya gane ta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shi kuwa wanda ya tsaya ya ce maka a'a, jama'a na kallon abin da zai same shi. Boisjoly ya ba da shaida a gaban kwamitin bincike, ya koma wurin aiki abokai suka juya masa baya, bai daɗe ba ya bar kamfanin. McDonald ma an kawar da shi daga kujerarsa, sai da maganar ta kai ga 'yan majalisa sannan aka gyara. Duk ma'aikacin da ya ga haka ya koyi yin shiru. Saboda haka a taro na gaba, ko maginin nan ya yi daidai ko bangon ya kai kaka lafiya, ka kira sunansa a gaban kowa ka yi masa godiya, ka biya shi kuɗin dubawarsa, kuma in wani aji ya tsage shi za ka fara aika wa.